Kaset ɗin da Muka Aika Gabas

Ƙamshin shinkafar da ake turarawa ne ya tashe ni a ranar. Shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, idan ta kwana a jiƙe aka ɗora ta a wuta cikin rabin duro, wani ƙamshi take yi mai ɗan tsami, kamar na ƙasa bayan yayyafin farko, kuma a unguwarmu ta Kura kusan kowane gida da duronsa. Tururin ya biyo ta taga yana lilo a cikin hasken safiya. Ina kwance ina kallonsa, ina cewa a raina da ni ce mai kyamara daga nan zan fara, sai na ji muryar Kaka a tsakar gida. Ba da kowa take ba, amma ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Ni dai na faɗa, ba na magana da akwati."

Akwatin da take nufi shi ne kyamarar mai bidiyo, wanda Baba ya yi magana da shi zai zo da hantsi ya ɗauki gidanmu kaf, a aika wa Gwaggo.

Gwaggo yayar Baba ce, ita ce 'yar farin Kaka. Ta bi mijinta Makka tun ana haƙa kanal ɗin noman rani ba a sako ruwa ba, tun Baba yana saurayi. Mijin ya rasu a can, ita kuma ta zauna a Jidda da 'ya'yanta tana sana'ar abinci. Mu yaran gidan da murya muka san ta. Duk shekara idan alhazai sun dawo sai a kawo mana dabino da bagaruwa da kaset ɗin rediyo, mu zauna a tabarma mu ji ta tana gaishe mu ɗaya bayan ɗaya, da Hausarta da ta fara ɗaukar ƙamshin Larabci. A kaset ɗin da ya zo na ƙarshe sai ta ce murya ta ishe ta haka, ido take so.

"Ku ɗauko min gida a bidiyo. Wai an ce ana noma da rani a garinmu, ni kam ban yarda ba sai na gani." Har mun zaci kaset ya ƙare, sai ta ƙara da cewa, "Har da tsohuwa, in ta yarda."

A nan gizo ke saƙar. Kaka mutuniyar da ce. Tunda nake ban taɓa jin ta ambaci sunan Gwaggo ba, idan dole ta kama sai ta ce "ta Gabas". Ranar da ake kunna kaset kuwa tashi take yi ta koma wajen turken awaki, wai za ta duba ko an ba su dusa, ta tsaya can ta juya mana baya, ba ta dawowa sai an kashe rediyo. Mun dai lura ba ta taɓa yin nisan da ba za ta ji ba. Idan za mu ɗauki amsa aka miƙa mata rediyo, sai ta kau da kai ta ce, "A ce ina lafiya." Kowa ya san ba ƙi ba ne. Kunyar ɗan fari ce, wanda uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, kamar ajiyar wani aka ba ta. Amma Kaka ta tsufa ƙwarai, Gwaggo ma ba yarinya ba ce, ba kuma wanda ya san ko za su sake haɗuwa. Maƙwabcinmu da zai tafi da kaset ɗin an riga an kira su sansanin alhazai, tashinsu yau ko gobe. Idan Kaka ba ta shiga wannan kaset ba to sai baɗi, baɗi kuwa a hannun Allah take.

Ni a lokacin na gama sakandare ina zaman jiran shiga kwaleji, ba ni da aiki sai taya Inna shanyar shinkafa da rubuta 'yan waƙoƙin da ba na nuna wa kowa. Abin da ya cika min kai a makonnin nan wani fim ne da na gani a gidan Malamarmu ta Faransanci. Malama 'yar Filato ce, Kirista, mijinta yana gyaran injin ban-ruwa a hanyar Bunkure. Ta ɗauke ni tamkar ƙanwa saboda ni kaɗai ce nake bin ta da tambaya bayan an tashi daga aji. Wata Asabar da aka kawo wuta ta jawo wani kaset da ta samo lokacin da ta je kwas Togo, ta ce, "Zauna ki ga yadda ake magana ba baki."

Fim ne baƙi da fari, na wani Bafaranshe da ya rasu tun ba a haifi Malama ba. A zamaninsa na'ura ba ta koyi kama murya ba tukuna. Malama ta ce da yawa daga 'yan zamaninsa sun cike gurbin da yawan rubutu da zazzare ido da wurga hannuwa, kamar masu kiran ɗan acaɓa daga nesa. Shi kuwa sai ya matso kusa ya jira. Fuska ɗaya sai ta cika talabijin, har kana ganin gashin ido yana rawa. Sai ya bar fuskar ya sauka kan hannu, hannun yana riƙe da kofi, ya tsaya a nan har ka gane mai hannun tsoro take ji. Idan mutum yana kewar wani ba ya barinsa ya faɗa. Sai ka ga ruwa ya fara tafiya a hankali a kan fuskarsa, fuskar ba ta ɓace ba, ruwan ma bai ɓace ba, su biyun a wuri ɗaya. Idan murna ce sai hotuna su riƙa tsalle da sauri, ƙafa, ganye, wilin keke, haƙora, har zuciyarka ta ɗauki gudun. Wani lokaci kuma ya rage wa abu sauri, labule ya daɗe a iska kafin ya sauka, kamar shi ma tunani yake yi. Rubutun da ke fitowa jefi-jefi ne. Da farko ina karantawa da ƙarfi don Malama ta ji na iya, daga baya na daina, don na lura kafin rubutun ya zo na riga na san abin da zai ce.

Mijin Malama ya shigo hannunsa duk baƙin mai, ya tsaya ya ɗan kalla.

"Har yau bebayen nan ba su ce komai ba? Madam, kawo in duba miki, ƙila waya ce ta tsinke."

"Je ka wanke hannu," in ji Malama. "Kai da kake kallon hayaƙin inji ka faɗi ciwonsa, ya taɓa yi maka magana?"

Da zan tafi ta rako ni bakin ƙofa, ta ce duk mai bidiyon da na gani yana ɗora fuskar amarya a kan fure jikan mutanen nan ne, bai dai san kakansa ba. Na taho gida ta bakin kanal ina ganin komai sabo, inuwar balbela a kan ruwa, hannun mai tsinkar tumatir da ya yi kore da ganye. Na yi kwanaki ina runtse ido ɗaya ina leƙen duniya ta tsakanin yatsuna, har Kaka ta ce a nemo min tozali ko ciwon ido ne ya kama ni.

To, mai bidiyo ya iso da hantsi a kan babur, da jaka a baya da baƙin gilashi a goshi. Mutum ne mai fara'a da surutu, ba bikin da ake yi daga Kura zuwa Garun Mallam ba shi. Ya sa aka shimfiɗa tabarmi a gindin darbejiya, aka fito da kujerun roba, aka jera mutane bisa girma. Baba ne ya fara. Ya sha babbar riga, ya kafe kamar mai ɗaukar hoton fasfo, ya yi sallama, ya tambayi Gwaggo gajiya da sanyi da yara, yana ɗan dakatawa bayan kowace gaisuwa kamar zai ji amsa. Kawu, ƙanen Baba, ya karɓa ya yi ta zuba. Ya ba da labarin rasuwa da haihuwa, da tsadar taki, da wanda ya sayi gonar wane, har mai bidiyo ya sauya kafaɗa. Inna da sauran matan gida kuwa rufe baki suka yi da mayafi suna ƙyalƙyala dariya, kowacce ta ce "Muna gaisuwa" ta gudu.

Aka zo kan Kaka. Tana zaune a ƙofar ɗakinta da carbi, ta ba mu gefe. Baba ya je ya durƙusa.

"Iya, kalma ɗaya. Ki ce kina gaishe ta."

"Ka faɗa mata kai. Bakinka ciwo yake?"

"Iya, ke take son gani."

"Me za ta gani? Tsufa? Ta duba madubi, ai ita ma ta fara."

Mai bidiyo ya gwada tasa dabarar. "Hajiya Kaka, ni fa saurayinki ne. Ki dube ni ki yi min murmushi kawai."

"Saurayi da ido ɗaya a rufe? Allah ya kiyashe ni." Ta tashi ta shige ɗaki ta saki labule.

Aka yi dariya, amma Baba bai yi ba. Na ga ya cire hula ya shafa kai ya mayar. Can ya ce a tafi gona a ɗauko ruwan, tunda shi ma an ce a ɗauko, ranar kuma layinmu ne ke da ruwa. Na roƙe shi ya tafi da ni in riƙe wa mai bidiyo jaka. Ya dube ni, ya san ba jaka ce ta dame ni ba, ya ce in ɗauko hijabi.

Gonarmu tana hanyar Bunkure, inda ƙaramin kanal ya rabu da babba. Can tsallaken titi ƙasa ta bushe ta yi fari, amma nan kore ne shar iya ganin ido, alkama tana kaɗawa, albasa ta miƙe, kwandunan tumatir a jere a bakin hanya suna jiran mota. Wasu Fulani suna shayar da shanu a ƙasan gada. Mai bidiyo ya hau gadar, ya ɗaga kyamara ya juya daga hagu zuwa dama kamar fanka, ya ce an gama.

"Yaya, don Allah ka matsa kusa," na ce.

"Kusa da me?"

"Da hannun Baba."

Baba yana tsugune a gaɓar kanal yana tayar da tiyo. Yadda ake yi, sai a nutsa lanƙwasasshen tiyon cikin ruwa ya cika, a toshe baki ɗaya da tafin hannu, a fizgo shi a kwantar ta ɓangaren gona, a saki. Ruwan sai ya haura da kansa ya gangara cikin fangalin shuka. Na sha gani tun ina ƙarama, amma ban taɓa kallo ba.

"Ƙanwata, hannu ai kowa yana da shi. Mace tana Jidda za a kai mata hannu? Fuska ake aikawa."

"Ka ɗauka dai. Kada ka motsa, ka jira."

"In jira me?"

"Ruwan."

Ya yi tsakin wasa ya durƙusa. "To, darakta ta yi magana." Sunan da ya laƙaba min ke nan, har yau da shi yake kirana. Ya sa ido a kyamara, Baba ya saki tiyo. Ruwan ya yi ɗan jinkiri, sannan ya fito ya shiga fangali yana tura busasshen ganye a gabansa, ƙasa tana sha tana yin baƙi. Sai na ji surutun mai bidiyo ya tsaya. Ya bi ruwan a tsugune yana jan gwiwa, har wandonsa ya jiƙe bai sani ba. Da ya ɗago sai ya ce, "Ke, wa ya koya miki wannan?"

Na ba shi labarin Bafaranshen, da fuskar da ke cika talabijin, da ruwan da ke tafiya a kanta.

"Ɗora hoto kan hoto? Ai ni ma ina yi! Makon jiya na sa amarya a cikin fure, furen a cikin agogo."

Na ce ai Malama ta ce shi jikan su Bafaranshen nan ne. Ya ce in haka ne a gaya wa Faransawa su aiko masa da gadonsa, ko da sabon batir ne. Har Baba sai da ya yi murmushi.

A hanyar dawowa ne tunanin ya zo min, ina bayan babur ɗin Baba ina kallon ruwan kanal yana bin mu. Abin da ya fi ƙarfin Kaka shi ne ta fuskanci 'yar farinta ta yi mata magana a gaban jama'a. Amma ba wata kunya da ta hana tsohuwa yin aikinta a tsakar gidanta. Bafaranshen nan ma ai bai taɓa sa kowa ya ce yana kewar kowa ba.

Mun tarar ta fito tana shan iska. Na je na zauna kusa da ita, ban ɓoye mata komai ba.

"Kaka, ba za ki yi magana ba, ba za ki kalli kowa ba. Ta Gabas tana son ganin shinkafar garinmu, ni kuma ban iya bakace ba, kin sha faɗa."

"Wannan gaskiya ne. Hannunki kullum kamar na mai lalle."

"To ki bakace mana, a ɗauka a kai mata."

"Shinkafar za a ɗauka."

"Ita da mai bakace ta."

Ta harare ni. "'Yar boko, kin fi ubanki wayo. Akwatin zai ji abin da na ce?"

Na dubi mai bidiyo. Ya rantse yana iya cire sautin gaba ɗaya, ko atishawa ta yi ba za a ji ba.

Ta daɗe tana jan carbi. Sannan ta ce, "Shinkafa dai ba ta da kunya. Ku jira ni." Ta shiga ɗaki. Muka yi ta jira, la'asar tana sakaliya, mai bidiyo yana nuna min alamar batir yana zare ido. Da ta ɗaga labule sai kowa ya zuba mata ido. Ta yafa wani farin mayafi mai bakin zare ruwan gwal wanda Gwaggo ta aiko tun ina firamare, ba wanda ya taɓa ganinsa a jikinta, har layin ninkin yana nan. Ta sa tozali. Inna ta buɗe baki za ta yi magana, Baba ya girgiza mata kai.

"Sanyi ake yi," in ji Kaka, alhali ba wanda ya tambaye ta.

Ta zauna a kujera 'yar tsugunno, ƙwarya cike da shinkafa a gefenta, faifai a hannu. Ta fara. Shinkafar ta tashi sama ta juya ta sauko, ƙaiƙayin ya rabu da ita ya bi hasken rana yana ƙyalli. Wannan karon ban ce wa mai bidiyo komai ba. Shi da kansa ya durƙusa ya matsa har kusa da faifan, ya tsaya a kan hannuwanta, jijiyoyin da suka taso, da zoben azurfar da ya siranta don daɗewa. Ya jira. Sannan ya ɗaga kyamara a hankali zuwa fuskarta. Ba ta kalle shi ba. Ta tsuke baki ta zuba wa aikinta ido kamar ba kowa a duniya, amma ni da nake kusa na ga gefen leɓenta yana ɗan motsi. Da ta gama ta juye shinkafar, ta jawo ƙwaryar ta ƙwanƙwasa bakinta da zobe, ta ɗago ido ta dubi akwatin kai tsaye. Ƙiftawa da bismillah ta kau da kai.

"To, ku kwashe shinkafarku," ta ce, ta koma ɗaki ta cire mayafin.

Washegari da safe ni da Baba muka je shagon mai bidiyo a bakin tasha, inda yake haɗa hotuna da wasu bidiyo biyu da wata na'ura mai maɓallai. Gaisuwar mutane ya bar ta yadda take. Da aka zo kan gona da Kaka sai ya jawo kaset ɗin kiɗa.

"Wanne za a sa? Ina da na Indiya mai sa kuka, ina da mai fiyano."

"Ba ko ɗaya," na ce.

"Darakta, shiru a kaset? Za ta ce ya lalace, ta yi ta dukan bidiyon bayin Allah. Alkawarin cire magana na yi, ban yi na kiɗa ba."

"Ka bar shi haka, Yaya. Ka ɗora min ruwan a kan fuskar Kaka."

Ya dubi Baba yana neman ceto. Baba ya ce a yi yadda yarinya ta ce. Mai bidiyo ya girgiza kai, ya mayar da kaset baya, ya tura wani maɓalli a hankali. Fuskar Kaka tana nan a talabijin da farin mayafinta, sai ruwan kanal ya fara shigowa ta gefe, ya bi ta goshinta ya gangara kumatu, da ɗan busasshen ganyen nan a gabansa, idonta kuma yana kallonmu ta cikin ruwan. Shagon ba abin da ake ji sai ƙarar janareta daga waje. Baba ya miƙe ya ce bari ya duba babur ɗinsa, kamar bai kulle ba. Ya daɗe yana duba babur ɗin nan.

Mai bidiyo ya share maƙogwaro. "In ɗan sa fure ɗaya a gefe? Ƙarami?"

Na ce ya sa wa Kawu. Haka kuwa aka yi, Kawu yana bayanin tsadar taki da jan fure yana buɗewa a saman hularsa. Da rana Baba ya kai kaset ɗin Kano ya damƙa wa maƙwabcinmu a sansani.

Amsa ta zo bayan alhazai sun dawo, a kaset ɗin rediyo kamar kullum. Muka shimfiɗa tabarma, Kaka ta tuna da awaki. Gwaggo ta gaishe da kowa. Ta ce Kawu bai sake hali ba, gaisuwarsa sai ta dafa wake ta sauke bai gama ba, kuma wa ya dasa masa fure a ka? Ta ce ruwa kam ta yarda, ta kira maƙwabtanta 'yan Kano da 'yan Sudan sun gani, har wata ta ce ƙarya ne, wannan Masar ce. Ta ce hannun Baba ya koma irin na mahaifinsu sak. Muka yi ta jiran abin da za ta ce a kan Kaka. Sai can ƙarshe ta ce, "Shinkafa ta yi kyau. A ce wa mai bakace na ji."

Muka kalli juna. Me ta ji, alhali an cire sautin? Daga wajen turke Kaka ta ɗaga murya tana tambayar wa ya bar akuyar nan ba ruwa, ga kuwa ruwa cike da bokiti a gabanta.

A bukukuwan wannan shekarar mai bidiyo ya sake salo. Ya riƙa durƙusawa a kan hannun amarya da lallenta, da tururin tukunyar waina, da fuskar wata gwaggo da ke gefe ba ta san ana ɗaukarta ba. Furanninsa bai bari ba, amma ya koyi jira. 'Yan mata suka fara cewa a yi musu irin na Faransa, har na ji wani mai bidiyo a Madobi ya kwaikwaya yana cewa shi ya ƙirƙiro. Da na ba Malama labari ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce Bafaranshen nan da zai tashi ya ga inda jikokinsa suka yaɗu, da ya nemi a koya masa Hausa. Mijinta ya ce ba sai ya koya ba, ai ba ya magana. Ni ma waƙoƙina sun sauya tun daga lokacin. Na rage cewa zuciyata kaza da kaza, na koma rubuta abin da hannun mutum yake yi.

Gwaggo ta dawo gida gaba ɗaya bayan shekaru masu yawa. Kaka ta riga ta rasu, ni kuma ina ɗakina da 'yar fari tawa. Ta zo da kaset ɗin a cikin kayanta, ya sha kallo har hoton yana rawa. Wata rana ta zo min wuni, ta ji ina ƙwala wa yarinyar kira da sunanta tun daga madafi, ta riƙe haɓa.

"Oh, 'yan zamani. 'Yar fari guda, gatsal haka?"

Na yi dariya na ce to ita da tana ƙarama, idan Kaka tana son aikenta yaya take yi, tunda ba ta kiran suna? Gwaggo ta jawo ƙwaryar furar da ke gabanta, ta ƙwanƙwasa bakinta da zoben hannunta, ƙwas-ƙwas.

"Haka. Duk inda nake a gidan, ko ina bayan rumbu, in na ji zobe a bakin ƙwarya to ni ake kira. Ba wanda ya sani sai ni da ita, ko ubanki bai sani ba."